Kowace makaranta da gidanta a girgije? Amsa ga mai manhaja daga Tumfure

"Assalamu alaikum yaya. Ina zaune a Tumfure, nan Gombe. Na rubuta wata manhaja ta tattara sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta, yanzu makarantu bakwai masu zaman kansu ke amfani da ita. Komai yana kan saba ɗaya, wato kwamfutar da nake haya ta intanet a girgijen AWS na kamfanin Amazon, da hannu na haɗa ta shekara biyu da suka wuce, kuma gaskiya na manta rabin abin da na danna. A zangon da ya wuce ina cikin gwada wani sabon abu, sai saƙon bin bashin kuɗin makaranta ya tafi wayoyin iyaye, har da waɗanda suka riga suka biya. Yanzu kuma mai ɗaya daga cikin makarantun ya ce shi dai a ware masa wurinsa, kada bayanan ɗalibansa su haɗu da na kowa. Na ji ana cewa da Terraform mutum kan rubuta komai ya tayar da keɓaɓɓen wuri. Ta ina zan fara? Kuma kowace makaranta zan yi wa nata?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara buɗi. Makarantu bakwai ba wasa ba ne. In na fahimce ka, tambayoyi biyu ka cusa a buhu ɗaya. Ta farko ita ce yadda za ka raba wurin gwaji da wurin aiki na gaske, don abin da ya faru da iyayen nan kada ya sake faruwa. Ta biyu ita ce ko za ka raba makarantun da junansu. Ta farkon dole ce, kuma da gaggawa. Ta biyun magana ce ta lissafin kuɗi, kuma ina ganin amsarta ba za ta zo yadda mai makarantar nan yake zato ba.

Kafin mu yi nisa, bari in cire maka wani tunani. Ko da kana da keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa mai kyau a ranar, saƙon nan zai tafi. Abin da ya tura shi abu biyu ne: kana gwaji a kan lambobin wayar iyaye na gaske, kuma mabuɗin kamfanin tura saƙo na gaske yana hannun manhajar da kake gwadawa. Katanga ba ta hana na cikin gida aika saƙo waje. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, ka riƙe cewa wurin gwaji yana buƙatar nasa mabuɗan da nasa bayanan na bogi. Lambobin waya uku na ka da na abokanka sun isa.

Fasalin gidan

Abin da AWS ke kira VPC, wanda suka fito da shi a 2009, fili ne da aka zagaye maka a cikin babbar cibiyarsu, kai ke yanke shawarar wanda zai shiga da wanda zai fita. Azure da Google suna da irinsa. Ni idan ina bayyana wa matasan da ke koyon aiki a wurina, gidan gargajiya nake zana musu. Akwai zaure, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama. Akwai tsakar gida, inda ake aiki. Akwai rumbu, can ƙurya. A cikin VPC ana yanka fili sashe-sashe, kowane sashe ana ce masa sabnet. Sabnet ɗin da ke da hanya kai tsaye zuwa intanet shi ne zaure, kuma abu ɗaya ya kamata baƙo ya tarar a ciki: na'urar da ke karɓar baƙi ta ƙofa mai lamba 443 ta rarraba su. Sabobin manhajarka suna tsakar gida, ba su da adireshin da wani zai iya kira daga waje. Rumbun bayanai kuwa yana sabnet na uku wanda ko hanyar fita ba shi da ita, kuma ba ya amsa kowa sai manhajar, ta ƙofa 5432 idan PostgreSQL ne, ko 3306 idan MySQL ne.

To sabar da ke tsakar gida fa, yaya za ta sauko da gyare-gyare ko ta kira kamfanin tura saƙo? Nan ne NAT ke shigowa. Ka ɗauke shi yaron aike: yana fita ya sayo ya dawo, amma baƙo ba ya iya biyo shi ciki. Ka riƙe sunansa, domin shi ne zai fi cin kuɗinka nan gaba.

Zan iya rantsuwa, ban ga sabarka ba, cewa ƙofa 22, wadda ake bi a shiga sarrafa saba daga nesa, tana buɗe ga duk duniya, kuma tana zaune a VPC ɗin da AWS ke ba kowa tun ranar buɗe asusu, mai adireshi 172.31.0.0/16. Kusan duk wanda ya haɗa da hannu haka nasa yake, ni ma haka nawa na farko ya kasance. A sabon ginin kada ka buɗe 22 sam. Session Manager yana shigar da kai cikin saba ba tare da buɗe ƙofa ko ɗaya ba, kuma yana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga.

Maganar adireshi ana raina ta, sai daga baya ta zama ciwon kai. Tun shekarun 1990 aka ware jeri uku don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Ka ɗauki na 10, ka ba kowane muhalli nasa yankin da ba ya karo da na wani, misali 10.10.0.0/16 ga gwaji, 10.20.0.0/16 ga na gaske. Kowanne yana da adireshi 65,536, sun fi ƙarfin buƙatarka. Sabnet mai /24 yana da 256, AWS na riƙe biyar, ya rage maka 251. Dalilin rarrabewar shi ne VPC biyu masu adireshi iri ɗaya ba sa haɗuwa, ko da wata rana ka so haɗa su. Na 192.168 kuma ka bar shi, domin shi ne ke kan kusan kowace rauta a ofisoshin makarantunka.

Ainihin katangar

Nan ne nake so mu daɗe. Mutane da yawa suna yin VPC biyu a asusu ɗaya, su kira ɗaya gwaji ɗaya gaske, su kwanta barci da sunan sun keɓe. VPC yana raba hanyar da bayanai ke bi ne kawai. Wanda ke riƙe da mabuɗin asusun yana iya share duka biyun daga kan kujerarsa, ba tare da ya bi ta zaure ko tsakar gida ba. A watan Yunin 2014 wani kamfani mai suna Code Spaces ya rufe baki ɗaya ta wannan hanya: wani ya samu shiga shafin sarrafa asusunsu na AWS, ya share sabobi da bayanai har da kwafin ajiyar da suka dogara da shi, domin duk a wuri ɗaya suke.

Saboda haka katangar da na yarda da ita ita ce asusu. AWS Organizations yana ba ka damar buɗe asusu da yawa a ƙarƙashin lissafin biya ɗaya, kuma buɗe asusun ba a biyan komai, abin da ka kunna a ciki kake biya. A matsayinka ina ganin huɗu sun isa: na uwa wanda ba ya ɗauke da komai sai lissafin kuɗi, na gwaji, na gaske, da wani ƙarami da ake tura kwafin rumbun bayanai kullum, wanda asusun gaske zai iya zuba masa amma ba zai iya share abin da ke ciki ba. Idan ka yi haka, ranar da kake gwaji da ƙarfe ɗayan dare idonka na rufewa, mabuɗin da ke hannunka ko sunan rumbun gaske ba ya gani.

Terraform yana da wani abu da ake kira wokspes, wanda ke ba ka damar tayar da kwafi da yawa daga rubutu ɗaya. Matasa suna son sa saboda sauƙi. Ni ba na raba gwaji da gaske da shi, kuma su kansu masu Terraform sun rubuta a littafin jagorarsu cewa bai dace da wurin da ake buƙatar mabuɗai daban-daban ba. Kalma ɗaya ce kawai tsakaninka da rushe wanda ba ka yi niyya ba. Ka yi folda biyu, kowace da nata asusun da nata kundin, wato fayil ɗin da Terraform ke rubuta abin da ya gina.

Rubutun kansa

Ka ce ka manta rabin abin da ka danna. Wannan ita ce cutar da rubuta gini a matsayin kod ke magancewa. Maimakon ka shiga shafi kana danne-danne, sai ka rubuta a fayil cewa kana son VPC mai adireshi kaza, sabnet shida a shiyyoyi biyu (wato cibiyoyin AWS biyu mabambanta a cikin yanki ɗaya), rumbu mai girma kaza. Sai ka ba da umarnin terraform plan, ya duba abin da ke ƙasa ya gaya maka abin da zai ƙara, da wanda zai canza, da wanda zai rushe. In ka gamsu, terraform apply ya aiwatar. Fayil ɗin yana cikin Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane canji a kod, don haka bayan shekara biyu za ka ga ranar da aka buɗe wata ƙofa, da wanda ya buɗe, da dalilin da ya rubuta.

Na ce shiyyoyi biyu ba don ado ba. Na'urar rarraba baƙi ta AWS da rumbunsu na RDS duka suna neman sabnet a shiyyoyi aƙalla biyu kafin su yarda su tashi.

Game da kayan aikin, kamfanin HashiCorp ne ya fitar da Terraform a 2014. A watan Agustan 2023 suka canza lasisinsa, sai wasu suka ɗauki tsohon kod ɗin suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu a ƙarƙashin Linux Foundation, daga baya kuma IBM ta saye HashiCorp ɗin. A aiki irin naka canjin lasisin bai taɓa ka ba, kuma rubutun kusan ɗaya ne, wanda ka koya ya yi maka. AWS na da nasu, CloudFormation, tun 2011, sai dai a gidansu kaɗai yake aiki. Akwai kuma Pulumi ga mai son rubutawa da Python ko TypeScript. Ni Terraform nake ba mai farawa shawara, don in ka maƙale, tabbas wani ya riga ka maƙalewa a wurin ya kuma rubuta yadda ya fita.

Abin da zai amfane ka sosai shi ne modul. Ka san mazubin da masu buga bulo ke amfani da shi: sau ɗaya ake ƙera shi, kowane bulo ya fito daidai da ɗan uwansa. Ka rubuta modul ɗaya mai ɗauke da VPC, sabnet, dokokin ƙofofi, rumbu da saba, ya riƙa karɓar suna da adireshi da girma. Foldar gwaji ta kira shi da ƙananan na'urori, ta gaske ta kira shi da manya. Ta haka abin da ka gwada shi ne abin da zai hau, bambancin girma ne kawai. Ka kuma ƙulle lambar sigar Terraform da ta kowane modul da ka aro, kada wata rana ka tashi ka tarar an sauya maka ƙasa a ƙarƙashin ƙafa.

Kundin da ba a wasa da shi

Terraform yana ajiye wani fayil, terraform.tfstate, inda yake rubuta cewa abu kaza a rubutunka shi ne abu kaza a AWS. In ya ɓata, Terraform ya zama baƙo a gidan da shi ya gina. Bari in ba ka nawa labarin. Wata shekara ina yi wa wani kamfani aiki daga ɗakina a Jekadafari, kundin yana kan laftof ɗina, batirinta kuma ya daɗe da mutuwa, sai tana jone take aiki. Na ba da umarnin apply, yana tsakiyar gini aka ɗauke wuta. Da na kunna janareta na dawo, kundin bai san da rabin abin da aka riga aka tayar ba. Na sake bugawa, ya gina wasu sababbi kusa da na farko. Na bi na share waɗanda na gani da hannu, amma NAT guda ɗaya ya ɓoye mini, yana zaune ba ya yi wa kowa aike, sai da takardar biyan kuɗi ta ƙarshen wata ta tona masa asiri. Daga aljihuna na biya, don kunyar faɗa nake ji.

Tun ranar abu biyu ba na sake da su. Kundi yana zama a S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, a rufe, da ajiyar tsofaffin sigogi a kunne, da kuma makullin da ke hana mutum biyu aiki a kansa lokaci ɗaya. A da sai an haɗa da tebur a DynamoDB, wani rumbun bayanai na AWS, kafin a samu makullin, amma sababbin sigogin Terraform suna yi da S3 kaɗai. Na biyu, ba na buga apply daga laftof. GitHub Actions ke yi, wato hidimar da ke gudanar da umarni a kan na'urorin shafin ajiyar kod na GitHub, daga na'urar da ba ruwanta da wutar Gombe ko sabis ɗin waya. Kuma ana iya haɗa GitHub da AWS ta hanyar OIDC, ya riƙa karɓar izini na ɗan lokaci, ba sai ka ajiye mabuɗin dindindin a ko'ina ba.

Kada kundin nan ya shiga Git. Kalmar sirrin rumbunka tana iya kasancewa a cikinsa a fili, kowa ya buɗe zai karanta. OpenTofu ya ƙara damar ɓoye abin da ke cikin kundin tun siga ta 1.7, wannan na cikin abin da ke sa wasu suka fi son sa.

Sannan ka koyi karanta layin ƙarshe na plan kamar yadda ɗan kasuwa ke ƙirga canji. In ka canza sunan rumbu a rubutu kawai, Terraform zai ɗauka ka ce ya rushe tsohon ya gina sabo fanko. Akwai umarnin moved da ke gaya masa suna kawai aka sauya. Ka kuma sa prevent_destroy a kan rumbun, ka kunna kariyar sharewa ta RDS. Duk ranar da ka ga adadin abin da za a rushe ya wuce sifili a wurin gaske, ka ɗaga hannu daga kan allon rubutu har sai ka san mene ne.

To, kowace makaranta da nata?

Mu yi lissafi da farashin yankin Arewacin Virginia a Amurka, wanda ke cikin mafi araha. NAT guda yana cin dala 0.045 a awa, wato kusan dala 33 a wata, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, ban da kuɗin kowane gigabait da ya bi ta cikinsa. Na'urar rarraba baƙi tana farawa daga kusan dala 16 a wata. Tun Fabrairun 2024 kuma kowane adireshin IPv4 na waje yana cin dala 0.005 a awa. Ka ga kafin ka kunna saba ko rumbu ko ɗaya, gida guda ya haura dala 50. Ka ninka sau bakwai, ka juya shi zuwa naira, ka kwatanta da abin da makarantun ke biyanka a zango. Na san amsar.

Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da zan yi a matsayinka shi ne VPC ɗaya a asusun gaske, na'urar PostgreSQL ɗaya, amma kowace makaranta da nata rumbun a ciki, da nata sunan shiga da kalmar sirri, ta yadda mabuɗin wannan ba ya buɗe na waccan. Ribar a nan babba ce: ko ka yi kuskure a kod ka manta tace bayanai da sunan makaranta, ba za a ga sakamakon ɗaliban wata a shafin wata ba, kuma in wata ta ce za ta tafi, ka ɗauko nata ka miƙa mata cikin minti kaɗan. Shi kuwa mai makarantar da ya ce a ware masa, ka zauna da shi ka tambaye shi me yake tsoro. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne kada abokin hamayya na unguwa ɗaya ya san yawan ɗalibansa da waɗanda yake bi bashi, kuma rumbu na daban ya biya wannan buƙata. In ya nace sai gida sukutum, to modul ɗinka na nan: sabon asusu, 10.30.0.0/16, folda ta uku. Ka rubuta masa farashin a takarda, ya ɗauki nauyinsa.

A wurin gwaji kuma NAT ɗaya ya isa, ba sai kowace shiyya da nata ba. Ka sa ƙofar S3 ta cikin gida, wadda kyauta ce, don manyan fayiloli su daina bi ta NAT. Kuma tunda a rubuce yake, kana iya rushe wurin gwajin gaba ɗaya lokacin dogon hutu, ka tayar da shi mako biyu kafin a koma makaranta.

A ina za a ajiye shi

AWS sun buɗe yankin Cape Town a 2020, suna kuma da ƙaramar shiyya a Legas tun 2023, sai dai ba duk hidimominsu ke cikinta ba. Kada taswira ta ruɗe ka. Yawancin wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka Legas Turai suke nufa, shi ya sa a gwaje-gwajen da na yi daga nan Landan kan amsa da saurin da bai gaza na Cape Town ba. Ka auna da kanka, da layin wayar da malaman makarantun ke amfani da shi.

Bayanan yara ne a hannunka, sunaye da maki da lambobin iyaye. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta yi magana a kan bayanan ƙananan yara da kuma fitar da bayanai ƙasar waje, hukumar NDPC ke kula da ita. Wannan fagen lauya ne, ka nemi wanda ya san dokar ya duba yarjejeniyarka da makarantun kafin ka zaɓi yanki. In wata rana makarantar gwamnati ta shigo, za a iya neman ka ajiye a cikin ƙasa, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Yadda za ka ƙaura

Terraform yana iya ɗaukar abin da aka gina da hannu ya shigar da shi kundinsa, amma saba ɗaya da ka manta yadda ka haɗa ba ta cancanci wannan wahalar ba. Ka bar ta tana aiki, ka gina sabo a gefe. Fara da asusun gwaji. Ka tayar da shi, ka rushe, ka sake tayarwa, har sai ya tashi daga farko zuwa ƙarshe ba ka taɓa shafin AWS da hannu ba. Duk inda ka ji dole sai ka danna wani abu, wurin ne rubutunka ke da rami.

Ka sani cewa kod ɗin gini yake mayarwa, ba ya mayar da abin da ke cikin rumbu. Zai tayar maka da gida sabo fil cikin ƙasa da awa ɗaya, amma makin ɗalibai sai daga kwafin ajiya. Don haka kafin ka ɗauko ko da makaranta ɗaya, ka gwada dawo da kwafin jiya a wani rumbu na wucin gadi a cikin asusun gaske, ka buɗe shi ka ga sakamakon aji ɗaya da idonka, sannan ka share. Haka kuma ba zai gyara ramin da ke cikin manhajar kanta ba, wannan aikin wata rana ne, kuma sai na ga kod ɗinka zan iya cewa wani abu a kai.

Ƙaurar kanta ka yi ta a hutun ƙarshen zango, bayan an raba katin sakamako. Ka fara da makarantar da ta fi ƙanƙanta, ka bar ta mako guda a sabon wuri, sannan sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar sabar ka kashe ta amma kada ka share, ka bar ta har a gama jarrabawar farko ta sabon zango. In ka rubuta modul ɗin, turo mini abin da plan ya fitar kafin ka buga apply na farko a wurin gaske, mu karanta tare.